Kwangilar fentin sito da masana'anta: Yadda ake zaɓen ɗan kwangila da rubuta yarjejeniya

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Kurna zuwa Bachirawa ya miƙe Dawanau, ko ya ratsa ta Fanisau da Rangaza, zai ga yadda gine-ginen ƙarfe da kwano ke tsirowa a filayen da a da ake noma gero da dawa da gyaɗa. Ƙaramar Hukumar Ungogo, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da dubu 360, ta zama inda birnin Kano ke miƙe ƙafa ta arewa. A Fanisau ne Yankin Ciniki Maras Shinge na Kano yake, ƙarƙashin hukumar NEPZA ta Gwamnatin Tarayya. A maƙwabciyarta Dawakin Tofa kuma akwai Kasuwar Dawanau, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma. Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai sito-sito na riɗi da zoɓorodo da citta, da injinan casar shinkafa, da na matsar mai, da ɗakunan ajiyar taki, da manyan tankunan ruwa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine yana buƙatar fenti, kuma aikin yakan ci miliyoyin naira. Duk da haka, da yawa daga cikin masu dukiyar na ba da shi kamar yadda ake ba da jingar fentin ɗaki: a zagaya da mai fenti, ya faɗi kuɗi, a yi ciniki, a ba shi kafin alƙalami. Matsalar ita ce abin da aka biya kuɗi dominsa ba ya ganuwa da zarar an shafa hannun ƙarshe. Ƙarfen da aka kankare sosai da wanda aka shafe tsatsarsa da fenti kama ɗaya suke yi ranar miƙa aiki. Sai bayan damina ɗaya ko biyu bambancin ke fitowa, a lokacin kuwa an gama biya. Saboda haka kariyar mai gini tana cikin takardar da ta faɗi abin da za a iya aunawa, ta kuma ɗaura biyan kuɗi a kan awon.

Bambancin fentin gida da na masana'anta

Fentin gida ado ne da tsafta. Na masana'anta kuwa aikinsa na farko shi ne raba ƙarfe da ruwa da iska, domin haɗuwar ukun nan ce ke haifar da tsatsa. Ba a yin sa da kala ɗaya. Tsari ne mai hawa biyu ko uku, kowane hawa da aikinsa.

Hannun farko shi ne wanda ke manne wa ƙarfe ya hana tsatsa tasowa. A ƙananan ayyuka ana amfani da jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda suka sani, a manya kuma da ifoksi, wani lokaci mai ɗauke da garin zinki. Hannu na tsakiya shi ke ba da kauri, ya toshe hanyar danshi. Na sama shi ke fuskantar rana. Ifoksi yana da ƙarfi a kan ruwa da sinadarai, amma idan rana ta daɗe tana dukan sa sai ya dushe ya riƙa fitar da farin gari. Shi ya sa ake rufe shi da foliyuritan a duk inda yake waje.

Ifoksi da foliyuritan na masana'anta galibi gwangwani biyu ne da ake haɗawa bisa ma'aunin da kamfani ya rubuta. Da zarar an haɗa, akwai 'yan sa'o'in da za a yi amfani da shi kafin ya fara daskarewa, kuma zafin Kano na watan Afrilu yana rage wannan lokaci ƙwarai. Mai fentin da bai saba da shi ba yakan zuba sinadarin tsinka fenti don ya sake sakin jiki, abin da ke lalata ingancinsa gaba ɗaya.

Kwanon rufi da bututun da aka lulluɓe da zinki su ma suna da nasu hukunci. Fentin mai na gama-gari ba ya zama a kansu, yakan ɓare kamar ɓawon albasa, sai an fara da hannun farko da aka yi musamman dominsu. Daɓen kankare kuma sai ya yi aƙalla kwana 28 da zubawa, ya bushe har ciki, kafin a ɗora masa ifoksi.

A fara da sanin wurin da ginin yake

Ƙa'idar da duniya ta fi dogaro da ita wajen kare ƙarfe da fenti ita ce ISO 12944. Ta kasa wurare gwargwadon yadda suke cin ƙarfe, daga C1, wato cikin ofis mai bushewa, zuwa C5 da CX na bakin teku da masana'antu masu tsananin sinadarai. Ta kuma kasa daɗewar da ake sa rai kashi huɗu: har zuwa shekara 7, daga 7 zuwa 15, daga 15 zuwa 25, da abin da ya haura 25.

Kano na nesa da teku, iskarta kuma busasshiya ce mafi yawan shekara, don haka siton hatsi a Gayawa ko Karo ba ya buƙatar irin fentin da ake yi wa tankunan tashar Apapa a Legas. Amma abin da ake yi a cikin ginin yana iya sauya lissafin. Taki na zamani yana jan danshi, ƙurarsa kuma na cin ƙarfe. Sashen turara shinkafa yana cikin tururi kullum. Masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa suna aiki da gishiri da sinadarai. Irin waɗannan wurare, ko da a tsakiyar Kano suke, sukan faɗa ajin C4 ko sama. Tankin ruwan sha kuma yana buƙatar fentin ciki wanda kamfanin da ya yi shi ya rubuta ƙarara cewa ya dace da ruwan sha.

Kafin a kira kowane ɗan kwangila, ya kamata mai gini ya nemi injiniya mai rajista da COREN ko ƙwararren mai ƙiyasin gini ya auna wurin da murabba'in mita, ya duba halin da tsohon fenti da ƙarfen suke ciki, ya rubuta takardar bayanin aiki. Manyan kamfanonin fenti na ƙasar nan, irin su Berger Paints da CAP, suna da sashen fentin masana'antu da ake iya neman shawararsa. Wannan takarda guda ɗaya ita za a raba wa duk masu neman aikin. Idan kowa ya kawo farashi a kan abin da shi ya ga dama ya yi, babu yadda za a kwatanta su.

Tantance ɗan kwangila

Abu na farko shi ne tabbatar da cewa akwai wanda za a kama idan aiki ya lalace. A nemi lambar rajistarsa ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a duba ta a shafin hukumar na intanet, wanda binciken suna a cikinsa kyauta ne. Sunan da ke kan rajista shi ya kamata ya kasance a kan takardar farashi da yarjejeniya da asusun bankin da za a tura kuɗi.

Na biyu, a je a ga aikinsa na baya da ido. Wanda ya gama jiya ba ya nuna komai. A nemi wanda ya shekara biyu ko uku, a duba bakin ƙarfe da wuraren walda da kan noti da ƙasan ginshiƙi inda ruwa ke kwanciya, domin ta nan tsatsa ke fara leƙowa. A tambayi mai wurin ko an gama a kan lokaci, da yadda ɗan kwangilar ya amsa kira bayan an sallame shi.

Na uku, a duba kayan aikinsa. Wanda zai yi fentin masana'anta ya kamata ya mallaki ko ya iya hayar injin feshi, da injin kankare ƙarfe, da matakalar ƙarfe mai dandamali. Mafi muhimmanci kuma, ya zo da ma'aunin kaurin fenti da na laimar iska. Ɗan kwangilar da bai taɓa riƙe ma'aunin kauri ba, ba zai iya yin alkawarin kauri ba.

Na huɗu, a san wanda zai yi aikin a zahiri. Sayar da kwangila ruwan dare ne: wani ya karɓa, ya cire ribarsa, ya miƙa wa wani a kan rabin kuɗi, shi kuma ya rage fenti don ya fita. A tambayi sunan shugaban ma'aikata da zai tsaya a wurin kullum, a kuma rubuta cewa ba za a miƙa aikin ko wani sashe nasa ga kowa ba sai da izinin mai gini a rubuce.

Yadda ake gane farashin da ba zai yiwu ba

Kowane fentin masana'anta yana zuwa da takardar bayani daga kamfani, wadda ke faɗin kaso nawa na fentin ne ke saura a jikin ƙarfe bayan ruwansa ya tashi. Da wannan adadi ake lissafin yawan fentin da aiki zai ci. Kaurin fenti da maikiron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Farar takardar ofis guda ɗaya tana da kaurin kusan maikiron 100.

Ga misali. A ce ƙarfen sito ya kai murabba'in mita 1,200, ana son hannun farko mai kaurin maikiron 100, fentin kuma kashi 60 cikin 100 ne ke saura bayan ya bushe. Ana ninka 60 sau 10 a raba da 100, sai a samu 6, ma'ana lita ɗaya za ta rufe murabba'in mita 6. Aikin zai ci lita 200 ke nan idan babu asara. Amma feshi yana da asara, musamman a kan siraran ƙarafa da kuma ranar iska. Idan aka ƙiyasta asarar a kashi 30 cikin 100, buƙatar ta kai kusan lita 286, wato bokiti 15 masu lita 20. Ɗan kwangilar da ya rubuta bokiti 8 a wannan hawa ya riga ya bayyana cewa ba zai kai kaurin ba, ko kuma zai tsinka fentin.

Saboda haka a buƙaci kowane mai neman aiki ya rarraba farashinsa: kuɗin kankarewa daban, na fenti daban da suna da yawan lita, na ƙwadago daban, na hayar kayan aiki daban. Idan farashi ɗaya ya faɗo ƙasa da sauran sosai, galibi a kankarewa ko a yawan fenti aka yanke.

Abin da yarjejeniya za ta ƙunsa

Malaman fiƙihu sun daɗe da sharɗanta cewa kafin ijara ta inganta sai an san aikin an kuma san ladan. Dokar ƙasa ma ba ta iya tilasta alkawarin da ba a fayyace ba. Kalmomi irin su "aiki mai kyau" ko "fenti mai inganci" ba su da ma'auni, don haka ba su kare kowa. Ga abubuwan da ya kamata su fito a fili.

*Iyakar aiki.* A lissafa kowane sashe da faɗinsa: ginshiƙai, ƙarafan rufi, ƙofofi, ciki da wajen tanki, daɓe. A faɗi abin da ba ya cikin aikin. A rubuta wanda zai kwashe kaya, da wanda zai rufe injina, da wanda zai samar da wuta da ruwa da man janareta.

*Kankare ƙarfe.* Wannan ne sashen da ya fi kowane tasiri a kan daɗewar fenti, shi ne kuma aka fi ha'inci a cikinsa. Ƙa'idar ISO 8501-1 ta ba matakan tsafta sunaye. St 2 da St 3 su ne gogewa da buroshin waya ko injin gurza. Sa 2½ shi ne kankarewa da injin da ke harba tsakuwar ƙarfe ko makamanciyarta har ƙarfe ya fito fes, kuma shi yawancin kamfanoni ke sharɗantawa ga ifoksi mai zinki da cikin tanki. A rubuta matakin da sunansa. A ƙara da cewa za a wanke maiƙo kafin kankarewa, a kuma shafa hannun farko a ranar da aka kankare, kafin sabuwar tsatsa ta hau.

*Fenti da kauri.* A rubuta sunan kamfani da sunan fenti da launi na kowane hawa, da kaurin da ake so bayan bushewa. A tsare-tsaren da ake yi wa ajin C3 zuwa C5, jimillar kauri takan kama daga kimanin maikiron 120 zuwa sama da 300. Duk hawa ukun su fito daga kamfani ɗaya, domin idan aka gauraya, babu kamfanin da zai ɗauki alhaki. Yana da kyau kowane hawa ya bambanta da launi, don a gane da ido inda aka tsallake. A sharɗanta cewa za a bi bakin ƙarfe da walda da noti da buroshi kafin feshi, saboda fenti yakan zame daga kaifi. Gwangwanaye su iso a rufe, da lambar rukuni da ranar ƙarewa da rasit daga dillalin da kamfani ya amince da shi, da alamar MANCAP ta hukumar SON idan a gida aka yi su. Kada a fitar da gwangwanin da aka gama da shi daga harabar sai an ƙirga. Wannan ƙaramin sharaɗi yana toshe ƙofar algus da ta karkatar da kaya.

*Yanayin da za a yi aiki.* Abin da aka saba a sana'ar shi ne kada a yi fenti idan laimar iska ta haura kashi 85 cikin 100, ko idan zafin ƙarfe bai ɗara ma'aunin saukar raɓa da aƙalla digiri 3 ba. A Kano wannan ya shafi damina, musamman Yuli da Agusta, da sassafe. Hunturu yana da tasa matsala: ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti da tsakanin hawa da hawa, don haka sai an kewaye wurin an kuma goge kafin kowane hannu. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwano da ƙarfen da ke rana sun fi haka zafi, fenti kuma yakan bushe kafin ya kwanta. A irin wannan lokaci da hantsi da yamma ake aiki. A sa ɗan kwangila ya riƙa rubuta zafi da laima a littafi kowace rana.

*Tsayawa a duba.* A sanya wurare uku ko huɗu da aiki ba zai wuce ba sai wakilin mai gini ya duba ya sa hannu: bayan kankarewa, bayan hannun farko, bayan na tsakiya, da ƙarshe. Ana auna ɗanyen fenti da wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, busasshe kuma da na'urar da ake ɗorawa a jikin ƙarfe. Ƙa'idar ISO 19840 ta tanadi cewa matsakaicin awo ya kai kaurin da aka rubuta, kada awo ko ɗaya ya gaza kashi 80 cikin 100 nasa, kuma waɗanda suka faɗa tsakanin 80 da 100 kada su kai kashi ɗaya cikin biyar na duka awon. A daɓen kankare akwai gwaji mai sauƙi: a manna leda mai faɗin kusan santimita 45 a ƙasa, a rufe gefunanta, a bar ta sa'a 16 ko fiye. Idan ta yi gumi a ƙasa, daɓen bai bushe ba.

*Biyan kuɗi.* A ɗaura kowane biya a kan matakin da aka duba aka amince da shi, ba a kan kwanan wata ba. Kafin alƙalami ya tsaya daidai kuɗin kayan farko, idan kuma yana da yawa a nemi lamunin banki ko na kamfanin inshora. Wasu masu gini kan sayi fentin da kansu su bar wa ɗan kwangila ƙwadago. Wannan na rage ha'inci, sai dai yana ba shi kafar ɗora wa fentin laifi in aiki ya ɓaci, don haka ya sa hannu cewa ya duba kayan ya karɓa. An saba riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wa'adin gyaran kurakurai ya cika, wata shida ko shekara. A Kano ya fi dacewa wa'adin ya ratsa damina ɗaya cikakkiya. A fayyace ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, da wanda zai cire harajin da ake riƙewa a tushe. A biya ta banki. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biyan tsabar kuɗi hannu da hannu fiye da naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani.

*Tashin farashi da ƙarin aiki.* Yawancin sinadaran haɗa fenti daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashinsu ke bin dala. A rubuta ko farashi tsayayye ne, da kwanakin da zai yi yana aiki. Duk wani ƙari ko ragi a rubuta shi da kuɗinsa, ɓangarorin biyu su sa hannu kafin a fara. Umarnin baki a wurin aiki shi ne tushen yawancin rigingimu.

*Wa'adi da jinkiri.* A sa ranar farawa da ta gamawa, da adadin da za a cire a kowane mako na jinkiri, tare da iyakar da ba zai wuce ba. Ga mai siton da ke jiran kaka, mako biyu na jinkiri na iya nufin buhunan riɗi a waje. A yi adalci kuma: ranakun ruwan sama, da jinkirin da mai gini ya jawo ta rashin kwashe kaya ko rashin biya, ba a lissafa su a kan ɗan kwangila. A bar kwanakin da fenti zai gama ƙwari warinsa ya fita, sau da yawa kusan mako guda, kafin a shigar da kayan abinci, domin riɗi da zoɓorodo da citta suna ɗaukar wari, masu saye a ƙetare kuma kan ƙi kaya a kan haka.

Lafiyar ma'aikata da alhakin hatsari

Hatsari uku ne suka fi yawa a wannan aiki: faɗowa daga sama, shaƙar sinadari a rufaffen wuri, da gobara. Mai fentin cikin tanki yana iya suma cikin 'yan mintuna idan babu injin tura iska, don haka dole a samu mutum a bakin tanki yana lura da shi. Feshin foliyuritan yana jawo asma, kuma ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare shi. Kankare ƙarfe da yashin rafi yana tayar da ƙurar da ke taurara huhu, cutar da ba ta warkewa. Ingila ta hana wannan tun tsakiyar ƙarni na 20. A rubuta cewa ba za a yi amfani da yashi ba.

Sai batun dalma. Tsofaffin fentin hana tsatsa da wasu launuka masu haske, kamar rawaya da ja, sukan ƙunshi dalma. Arewa ta ga abin da gubar dalma ke yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin ƙurar duwatsun zinare. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da shawarar kada dalma a fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan. A Ungogo, inda sito ke jingine da gidaje da gonaki da rijiyoyi, ya kamata a sharɗanta fenti maras dalma, a tattara ɓawon tsohon fenti a buhu, kada a bar iska ta kai shi gona, kada kuma a sayar da gwangwanayen ga masu ɗibar ruwa.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na albashinsu ga asusun NSITF. A nemi shaidar hakan, da takardar inshorar da ta rufe ɓarnar da aikin zai iya yi wa ginin ko maƙwabta, daga kamfani mai lasisin NAICOM. A ware wa fenti da sinadarin tsinka shi wurin ajiya nesa da walda da janareta, da tukunyar kashe gobara a kusa. Mai aiki a cikin yankin Fanisau kuma sai ya bi ƙa'idojin hukumar yankin kan shigar ma'aikata da kaya.

Garanti da warware saɓani

ISO 12944 da kanta ta bayyana cewa shekarun daɗewa da ta ambata ba garanti ba ne. Garanti shi ne abin da aka rubuta a yarjejeniya. A faɗi shekarunsa, a faɗi abin da ake kira lalacewa, kamar ɓarewa da kumburi da tsatsar da ta wuce wani kaso na fili, a faɗi kwanakin da ɗan kwangila zai zo bayan an sanar da shi, da cewa gyaran ya haɗa da kaya da ƙwadago. Shi ma yana da haƙƙin a cire ɓarnar da mota ko walda ko zubar sinadari ta jawo. A ware wani ɗan fili da aka yi wa aikin a gaban kowa, a ɗauki hotonsa, ya zama abin kwatance idan gardama ta taso.

A rubuta matakan sulhu tun ana shiri: tattaunawa, sannan mai shiga tsakani, sannan mai yanke hukunci ko kotu. Dokar sasanci da shiga tsakani ta 2023 ta ƙarfafa wannan hanya, kuma ɓangaren shari'a na Jihar Kano yana da zauren sulhu da ke karɓar rigingimun kasuwanci. A sa shaidu biyu, a biya harajin hatimi, kowa ya riƙe kwafi. Idan ɗayan ɓangaren ba ya karanta Turanci, a fassara masa a gaban shaida, a kuma rubuta cewa an yi hakan. Kuɗin da lauya zai karɓa ya duba takardar bai kai na bokitin ifoksi kaɗan ba.

Ga jami'an gwamnati

Ma'aikacin da aka ɗora wa kula da fentin tankin asibiti ko rumbun hukuma yana da ƙarin nauyi. A matakin tarayya, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta wajabta gasa a fili da ajiye bayanai, ana kuma neman shaidar biyan haraji ta shekara uku da takardun PenCom da ITF da NSITF. Dokar ta fara taƙaita kafin alƙalami a kashi 15 cikin 100, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida, tare da sharaɗin lamunin banki ko inshora. Jihar Kano tana da tata hukumar tantance kwangiloli da ma'aikatu da ƙananan hukumomi ke bi. Dokar tarayya ta ce a ba wa mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan aikin, don haka idan takardar bayanin aiki ba ta ambaci matakin kankarewa da kauri ba, jami'i ba shi da hujjar ƙin wanda ya karya farashi. Sa hannu a takardar kammala aiki ba tare da awo ba kuwa, sunan mai sa hannun ne masu binciken kuɗi za su tarar.

Ranar karɓar aiki

A zagaya da rana, da takardar yarjejeniya a hannu. A hau sama a duba bayan ƙarafa da ƙarƙashinsu, inda ido ba ya kaiwa daga ƙasa. A rubuta duk abin da ya rage, a sa ranar gyara shi. A karɓi littafin awo da hotunan kowane mataki da takardun bayanin fenti da rasit, da 'yan litoci na kowane launi don gyaran gaba. Bayan haka, a riƙa duba ginin sau ɗaya a shekara, da zarar damina ta ɗauke, a wanke ƙura da taki daga gindin ginshiƙai, a taɓa duk inda aka ga ɗigon tsatsa tun bai yaɗu ba.